Yadda Irin Tumatirin Kakarmu Ya Ƙare

Kafin in fara, gara in faɗi cewa ban gama amincewa da tunanina ba. Wasu abubuwan da zan rubuta na gan su da idona, wasu kuma an yi ta ba ni labarinsu har na daina bambance su da waɗanda na gani. Akwai wuraren da nake zargin na haɗa shekara biyu na mai da su ɗaya. Ba zan ambaci sunan kowa ba, domin ban nemi izinin masu rai ba, waɗanda suka riga mu kuwa ba su da halin gyara mini.

A gidanmu akwai wani abinci da muke kira ɗure. Ban taɓa jin wani gida ya ambace shi ba, amma ba na cewa babu. Tumatir ne ake ƙwaƙule cikinsa, a cika shi da haɗi, a turara. A hannun Kaka na fara ganinsa, wato mahaifiyar Innata, a gidanta na Jiga Makera. Ba da kowane tumatir ake yin sa ba. Akwai wani iri da Kaka take shukawa a ɗan lambunta na bayan gida, kusa da rijiya, muna ce masa mai tsaga. Babba ne, yana cika tafin hannu, kuma yana da layuka masu zurfi daga sama har ƙasa kamar tsagar fuskar tsofaffinmu. Namansa da kauri, ruwan cikinsa kaɗan, yana da ɗan tsami. Masu saye ba sa son sa. Ba shi da kyan gani, kuma ba ya jeruwa a kwando. Don haka ba a taɓa kai shi kasuwa ba, a iya sanina.

Ga yadda nake tuna aikin. Kaka takan yanke saman tumatirin ta ajiye kamar murfi, ta sa ƙaramin cokali ta kwashe cikin. 'Ya'yan ba a zubarwa, ba a kuma sa su a miya. Akan shimfiɗa su a kan wani farin tsumma a inuwa su bushe, daga baya a cakuɗa da toka a zuba a ɗan gora a toshe bakinsa. Shi ne irin baɗi. Wato ranar da aka dafa ɗure ita ce ranar da aka ajiye iri. A lokacin ban lura da wannan ba, sai yanzu da ba shi da amfani.

Haɗin kuwa, tsakin gero ne da aka ɗan turara, da dakakken ƙuli-ƙuli, da albasa mai yawa, da busasshen kifi na kasuwar Jega, da daddawa kaɗan, da barkono da gishiri. A ƙarshe a zuba man shanu, na wata Bafulatana da take kawo wa Kaka nono, wadda suke hira rabi da Hausa rabi da Fillanci. Ni ina tuna ganin zogale a ciki. Yayata ta ce babu, ta ce da dambu nake haɗawa. Mai yiwuwa ita ce da gaskiya. In an cika, sai a mai da murfin a soke shi da tsinke, a jera a madambaci a kan ɓawon masara, a liƙe bakin tukunyar da jiƙaƙƙen tsumma don kada tururi ya fita.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne abin da ake yi kafin a buɗe tukunyar. Kaka takan zauna a tabarma ta miƙe ƙafa, ta fara kiran sunayen matan da irin ya biyo ta hannunsu. Duk wadda ta kira sai ta ce Allah ya jiƙan ta, mu ce amin. Ba iyayenta kaɗai ba ne a ciki. Akwai 'yan'uwan iyayenta, akwai kuma wata mata ta wajen Maiyama da ba danginmu ba ce, wadda aka ce an taɓa ba ta irin kyauta, da wata shekarar yunwa ta zo namu ya ƙare, ita ta mayar mana da shi. Mu yara amin ɗinmu na gaggawa ne, hankalinmu yana kan tukunya. Akushin farko na maƙwabta ne, sadaka ga waɗannan matan. Sai bayan ya fita gida muke ci.

Asalin abin, labari biyu na ji. Kaka ta ce kakarta ce ta je aikin Hajji a ƙasa, ta yi shekaru a hanya, ta zauna a wani gari na gabas tana aikatau, a can ta ga ana cusa kayan lambu, ta ƙullo irin a bakin zanenta ta dawo da shi. Wani kawunmu kuma ya ce ba haka ba ne, a Jega ta koya, wurin matar wani baƙon ɗan kasuwa. Na fi son na farko, shi ya sa ma nake tsoron sa. Ba ni da hujja ko ɗaya a kan kowanne.

Kaka ta haifi mata uku da suka rayu. Babbarsu, wadda muke kira Inna Babba, aka aurar da ita Dangamaji. Innata ce ta tsakiya, tana cikin garin Aliero. Ƙaramarsu, Yafendo, tana Sarandosa. Kowacce ranar da za a kai ta ɗakinta, Kaka ta ba ta nata ɗan goran iri a cikin kayanta. Dalilinta a fili yake: kada iri ya zauna gida ɗaya. In na wata ya lalace, ta aika wurin 'yar'uwarta. Ta kuma ɗora musu cewa duk sanda suka haɗu su tambayi juna labarinsa. Sun riƙe wannan ƙwarai. Ko a biki, ko a suna, ko a waya bayan waya ta zo, in sun gama ina kwana, ina gajiya, ina yara, sai ka ji ɗaya ta ce, "Ina iri?" Ɗayar ta ce, "Shina nan." Na tashi ina jin wannan, ban taɓa kawo komai a raina ba.

Kaka ta rasu ina makarantar sakandare. Inna ta ci gaba da yin ɗure wasu shekaru, sai na tafi jami'a, na gama, na fara koyarwa a Birnin Kebbi. Ba zan iya cewa ga shekarar da aka daina ba. In na zo hutu akwai shinkafa, akwai tuwo, akwai hidimar albasa da ta cika gidan, maza na ta jigila tsakanin rumbu da mota. Ba wanda ya ce yau an daina. Kawai ba a yi ba, baɗi ma ba a yi ba.

Da ciwo ya kwantar da Inna, abinci ya fita ranta gaba ɗaya. Kunu ma sai an yi ta lallashi. Na ɗauki hutu na dawo jinya. Wata safiya ina gyara mata matashi, ta riƙe hannuna ta ce, "Ɗure nika so."

Na yi murna, domin tun da ta kwanta ba ta nemi komai da bakinta ba. Na ce, "To Inna, ina goranki?"

"Namu ya ƙare tun shekarad da anka gina ɗakin yayanki bisa lambuna," in ji ta. "Ban damu ba, tunda akwai shi gida biyu. Tahi Dangamaji wurin yayata. Ko da sallah na tambaye ta, ta ce shina nan. Yanzu ma lokacinshi ne, ƙila ki iske ya nuna."

Washegari na hau mota zuwa Jega, daga nan na hau kabu-kabu. Na sami Inna Babba a tsakar gida tana tsince wake. Tana ganina ta fara.

"A'a, Malama da kanta! Yau mi munka yi? Ku ba ta kujera, kada tabarma ta ɓata mata boko."

Na zauna a tabarmar. Muka gaisa, ta tambayi jikin ƙanwarta, na faɗa mata gaskiya daidai gwargwado. Sannan na ce ɗure take so, an aiko ni karɓar mai tsaga, ko da guda biyar ne.

Ta yi dariya. "Mai tsaga? Ɗiyata, ai gulbi ya ci shi. Shekarad da ruwa ya shigo muna, ya tahi da lambun, ya tahi da ɗakin da goran yake. Da ƙyar munka fid da awaki."

Na san shekarar da take nufi, kuma ba kusa ba ce. Na ce, "Amma Inna Babba, da sallah kin ce wa Inna yana nan."

"Ke, gaisuwa ta hwa! In anka ce miki ina gajiya, cewa kike ga ta nan ta kusa kashe ni? In ce ma ƙanwata na yar da abin uwarmu, ranar sallah, gaban mutane? Kuma mi ya yi zahi? Akwai shi Aliero, akwai shi Sarandosa."

Na ce, "Babu shi a Aliero. Tun da aka gina ɗakin yaya."

Hannunta ya tsaya a cikin waken. Ta dube ni, ta dubi faifan. "Ita ma shina nan taka ce mani," ta faɗa a hankali, ba da ni take ba. Daga nan ba ta ƙara tsokanata ba har na tashi. Ta rako ni bakin zaure, abin da ba ta saba ba, ta ce, "Tahi wurin auta. Ita ba ta da wasa da abin uwarmu."

Ban koma gida ba, na wuce Maiyama, na nemi abin hawa zuwa Sarandosa. A hanya na yi ta lissafin yadda abin ya faru, ban sami wanda zan ɗora wa laifi ba. Har yau ban samu ba. Kowacce ta tambaya kamar yadda aka ce ta tambaya. Kowacce ta amsa kamar yadda ake amsa gaisuwa a wurinmu, inda ba a tarar ɗan'uwa da mugun labari a bakin ƙofa. Kuma kowacce ta kwantar da hankalinta da sauran biyun.

Yafendo ƙafa ta hana ta fita. Na same ta a ɗaki, jikokinta na shige da fice. Da na ce, "Yafendo, ina iri?" sai ta ce, "Shina nan." Na ce, "Don Allah ba gaisuwa nake ba. Yana nan da gaske?"

"Ji min ɗiya! Ni za ki tuhuma? Ɗaga kanki."

Na ɗaga. Ga goran a rataye a jikin azara, dab da kwanon rufi, ya yi baƙi da hayaƙi. Na sauko da shi. Na girgiza, na ji motsi a ciki. Sai na tambaye ta yaushe rabonta da shukawa.

Ta ce, "Tun Malam na da rai. Wa zai ja mini ruwa? Yaran yanzu ko sun shuka, na kamfani suka so, mai cika kwando. Ni dai na ce in aje shi, in wata ta rasa ta zo ta ɗauka. Ga shi kin zo."

Mijinta ya rasu kafin a aurar da autarta, ga shi kuma 'yar da autar ta haifa har ta fara zuwa makaranta. Na taɓa karanta cewa irin tumatir yana iya daɗewa in ya sami wuri mai sanyi. Na dubi kwanon da ke saman kanmu, wanda zafinsa ke sauko mana har inda muke zaune. Na yi godiya, ta ce in gai da yayarta, in ce mata ta ci ta bar mata nata.

Da na isa gida na nuna wa Inna goran. Ta karɓa ta shinshina bakinsa, ta daɗe tana riƙe da shi a ƙirjinta. Na ce babu nunanne a ko'ina, sai dai mu shuka. Ta ce ba komai, za ta jira. Labarin Dangamaji ban ba ta ba a ranar, daga baya kuma ban sami ranar da ta dace ba.

Na sa aka kawo mini ƙasar fadama da taki, na zuba a wani tsohon baho da ya huje, na ajiye inda Inna za ta iya hangowa daga ƙofar ɗakinta. Na raba irin kashi-kashi don tsoro. Kashin farko na shuka, na rufe da ciyawa, ina yayyafa ruwa safe da yamma. Babu abin da ya fito. Na ce ƙila na nutsa shi da yawa. Na shuka na biyu sama-sama. Kullum da safe in na shiga gaishe ta, bayan ina kwana da ya jiki, sai Inna ta ce, "Ina iri?" Ni kuma in ji bakina ya ce, "Shina nan." Babu wata amsa da ta taɓa zuwa mini. Ko ta yarda, ko ita ma gaisuwa take yi, ban sani ba.

Wata rana wani ɗan tsiro ya ɓullo a gefen bahon. Na kira yayata, muka durƙusa a kansa kamar an yi haihuwa. Na kifa masa kwando don kaji. Inna ta sa aka zaunar da ita a bakin ƙofa don ta gani, ranar har ta sha fura. Da ganyensa na gaskiya ya fito, sai na ga ba shi da yanka-yanka. Na murza ɗaya a yatsana na shinshina, babu wannan warin na ganyen tumatir. Alayyafo ne, ya biyo taki. Na bar shi a wurin, ban cire ba, saboda daga ƙofar ɗaki ba a bambancewa.

Sauran irin na shimfiɗa a jiƙaƙƙen tsumma na lulluɓe, ko guda ɗaya zai fasa. Suka yi funfuna. Na juye goran a faifai na tankaɗe tokar, babu saura.

Jikin Inna kuma yana ta ja baya. Na ga ba a jira, sai na tafi kasuwar Jega na bi layin masu tumatir ina tambayar tsofaffi ko sun san mai tsaga. Ɗaya ya ce kamar ya taɓa gani yana yaro. Wani ya ce, "Hajiya, ga mai kyau kina neman mummuna?" Na zaɓi mafi girma da ƙarfi da na samu, na sayi kifi, na dawo. Ni da yayata muka yi komai yadda muke tunawa, muka yi gardamar zogale, na bar mata. Muka jera a madambaci, muka liƙe da tsumma.

Kafin mu buɗe, Inna ta ce a ɗaga ta. Muka jingina ta da bango. Ta fara da Kaka, ta ce Allah ya jiƙan ta, muka ce amin. Ta kira mahaifiyar Kaka. Ta kira wadda ta yi tafiyar Hajji. Sai ta tsaya. Leɓenta na motsi, amma babu abin da ke fita. "Akwai ta Maiyama," ta ce. "Wagga da ta maido muna da shi. Wa ma take?" Ta dube ni. Na dubi yayata. Sau nawa aka kira sunan nan a gabanmu, muna cewa amin muna kallon tukunya? Inna ta ce, "To, Allah ya san su. Allah ya jiƙan su duka." Muka ce amin.

Da muka ɗaga murfin, tumatirin duk ya narke. Namansa ba kauri, ruwa ya yi masa yawa, ya zube ya haɗe da tsakin, sai tsinkayen a tsaye a cikin jan ruwa. Babu abin da za a zuba a akushi a kai wa maƙwabta. Na ɗebo kaɗan a cokali na ba Inna. Ta riƙe shi a baki, ta haɗiye, ta ce, "Gishirin ya yi daidai." Ba ta karɓi na biyu ba. Ba ta kuma ƙara tambayata iri ba. Ta rasu kafin ruwan farko ya sauka.

Ranar uku aka kawo Yafendo a mota, Inna Babba kuma tun ranar farko tana gidan. Ina zaune kusa da su lokacin da suka gaisa. Ina kwana, ya haƙuri, ya ƙafa, ya yara. Sai Yafendo, bisa sabo, ta ce, "Ina iri?" Inna Babba ta buɗe baki, ta rufe. Yafendo ta juyo ta dube ni, ni kuma na sunkuyar da kai. Sai wasu mata suka yi sallama aka shiga wata gaisuwar.

Daga baya na tambaye su sunayen, kowacce ita kaɗai. Abin da suka ba ni bai wuce wanda Inna ta kira ba, sai wasu biyu da suka saɓa a kansu. Ta Maiyama kuwa, Inna Babba ta ce tana jin sunan a bakinta amma ya ƙi fitowa. Yafendo ta ce ita a saninta ma matar ba ta Maiyama ba ce. Goran yana wurina a Birnin Kebbi, da tokarsa. 'Yata ta taɓa tambayata mene ne a ciki, na ce toka ce.

Iyakar abin da na iya tunawa ke nan, kuma na san akwai kuskure a ciki. Ina roƙon duk wanda ya taɓa cin ɗure a gidan Kaka, ko maƙwabcin da akushin nan ya taɓa shiga gidansu a Jiga Makera, ya aiko mini da gyara: ko da zogale, ko babu, ko na manta wani abu a haɗin, ko na sa wata magana a bakin wadda ba ita ta faɗa ba. Wanda ya riƙe ko da suna ɗaya daga cikin matan nan, ya taimaka ya faɗa mini. In kuma akwai wani gida a ƙasar Maiyama, ko a wani wurin, da ake shuka wani mummunan tumatir mai layi-layi a bayan ɗaki ba a san daga ina ya fito ba, don Allah a sanar da ni. Sai dai ina roƙo a je a duba da ido tukuna, kafin a ce mini yana nan.